Inna, a bar mini keken Baba

Daga Tur, ƙasar Faransa

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Yaya damina, an samu yin shuka? Ni lafiya lau nake, aiki yana tafiya, alhamdu lillahi. Auta, na san kai za ka karanta mata, to ka bi a hankali kada ka tsallake komai, don har da kai nake.

Saƙonka ya iso cewa masu sayen tsohon ƙarfe sun taya keken marigayi Baba da ke jingine a zaure, kuma kun ce tunda tsatsa ta ci shi gara a rabu da shi. Na ɗauki waya zan kira, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Roƙona ɗaya ne, a bar shi.

Bara na sayi keke na hannu a kan yuro 60, kusan jika 40 ke nan a kuɗinmu, don zuwa magazar da nake aiki. Wata rana wani dattijo Bafaranshe da muke ɗaukar kaya tare ya tambaye ni ina nake zuwa da shi ranar Lahadi. Na ce ba ko'ina, mu a Adar ba a hawa keke sai da dalili, ko kasuwa, ko gona, ko asibiti. Ya ce to ka zauna a bakin hanyar da mutane ke tasowa daga wasu ƙasashe don su bi ta, kai ba ka taɓa taka ta ba. Hanyar ana ce mata La Loire à Vélo. Tsawonta kusan kilomita 900, tana bin kogin Luwar, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Faransa, har inda ya faɗa teku. Ba tsere ake yi ba, Inna. Za ki ga tsohuwa sa'arki da kwando a gaban keke, da magidanci yana jan 'ya'yansa a ɗan amalanke, kowa yana tafiya a natse.

Ranar farko na nufi gabas, garin Ambuwaz, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. Na ratsa gonakin inabi na Monluwi, layi-layi kamar an ja da igiya. Giya suke yi da shi, ni dai ido kawai na ba su na wuce. A Ambuwaz akwai tsohuwar fadar sarakunansu a kan dutse, tana kallon kogi. Na sayi tikiti na shiga don in ga gini, ban san abin da ke jirana a bayan lambun ba.

Maƙabartar Musulmi ce, Inna. Sarki Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransawa, a nan aka tsare shi da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu kafin a sake shi, har da mata da ƙananan yara. An kafa musu duwatsu 25 masu rubutun Larabci a wani lungu mai tsit. Na cire hula ta keke, na tsaya na yi musu Ƙulhuwallahu. Mutanen rana da sahara ne kamarmu, aka kawo su ƙasar sanyi da hazo, ba su koma ba. Na daɗe a wurin. Tun zuwana ƙasar nan ban taɓa jin kewar gida ta danne ni kamar ranar ba, amma kuma da na fito sai na ji ƙirjina ya yi sauƙi, don na san akwai waɗanda suka riga ni yin sujada a bakin wannan kogi. Na sauka gaɓa na yi alwala, na shimfiɗa rigata a kan yashi na yi La'asar.

A watan jiya da na samu hutun kwana biyu sai na yi yamma, zuwa Somur, kimanin kilomita 80. Wani yanki na hanyar a kan doron ganuwar ƙasa yake, wadda aka soma ginawa ɗaruruwan shekaru da suka wuce don tare ambaliya. Ga ruwa da tsibiran yashi a hannu ɗaya, ga gonakin masara da alkama a ɗayan, babu hawa babu gangara sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na bi ta Bilandiri inda aka shirya kabeji da salat da albasa a lambun fada kamar zanen tabarma. Da masu lambun Galmi sun gani da sun yi mamakin yadda ake yi wa kayan miya ado, amma albasarsu ba ta kama ƙafar tamu ba wajen ƙamshi. Da yake rani ne a nan, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka ban yi gaggawa ba. Na kwana a wani filin 'yan tanti a bakin ruwa.

Washegari na isa Kand-San-Martan, inda kogin Biyen ke haɗuwa da Luwar, ƙauye mai fararen gidaje da wata tsohuwar majami'a da aka gina a wurin da wani waliyyinsu ya rasu a shekara ta 397. Gaba kaɗan, a Turkan, na ga abin da ban taɓa gani ba. Farin dutsen da aka gina fadojin nan da shi, daga cikin tsaunin bakin kogi aka yanko shi, sai talakawa suka mayar da ramukan gidaje. Ƙofa da taga a jikin dutse, hayaƙi yana fita ta sama a tsakiyar gona. Na sa hannu a bango, sanyi kamar randar Inna. A nan ne tayata ta baya ta sace. Na juya keken na kafa shi a kan sirdi, na zare tif, na tofa yawu ina neman inda yake tsiyaya. Wata tsohuwa ta fito daga gidanta na dutse ta kawo mini kwanon ruwa ba tare da na roƙa ba. Ina cikin goga wurin facin sai na ga hannuna yana yin daidai yadda na Baba yake yi, har hura gam ɗin da baki kafin a manna. Ban san lokacin da na koya ba.

Inna, kin tuna yadda yake fita da asuba, kayan koli a ɗaure a kariya da robar tif, ya nufi Kalfu ko Barmu, ranar kasuwar Badagishiri kuwa sai bayan Isha'i muke jin ƙararrawarsa a ƙofar gida. Ki gafarce ni, lokacin ina lakwal kunya nake ji in ya goyo ni a baya, don uban wasu da babur yake kawo su. Nakan ce ya sauke ni tun kafin mu kai ƙofa. Bai taɓa cewa komai ba, sai ya tsaya in sauka. Yau ga ni a ƙasar da masu motoci ke ajiye motocinsu su biya kuɗi don su yi tafiyar da yake yi kullum. Shi da kaya yake yi, cikin rairayi da tsaidau da zafin bazara, kuma ya san kowace rijiya da kowace inuwa da sunan mai garin kowane ƙauye. Mai mota ba ya sanin wannan, ƙura kawai yake bar wa mutane.

Kuma ƙasarmu ba ta rasa abin kallo ba. Tudunnan Keita bayan an sha ruwa, layukan dogon yaro na kwarin Majiya, tafkin Tabalak da tsuntsayensa, rumbunan ƙasa na ƙauyukan Adar masu ciki kamar tulu. Alama da shimfiɗaɗɗiyar hanya ce kawai aka fi mu. In Allah Ya ba mu zaman lafiya a hanyoyi, Ya kuma kawo ni gida da sanyin bana ko na baɗi, ina so ni da Auta mu bi sawun Baba, kasuwa bayan kasuwa, ni a kan kekensa.

Auta, a cikin kuɗin wannan wata na ƙara jika 25. Ka kai shi wajen mai gyaran keke na bakin babbar kasuwa, a sa sabbin tayu da tif da kaca da birki, a zuba mai. Kada a taɓa sirdin, kada a yi masa fenti, ƙararrawar ma a bar ta ko da ba ta kaɗawa. In an gama ka shigar da shi ɗakina, damina ce, zauren yana yoyo. Ka turo mini hotonsa.

A gaida Kawu da Gwaggo da maƙwabta baki ɗaya. Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki.