Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina Kan Masu Rubuta Labarin Talaka

Mai girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya. Yanzu hantsina a gindin dalbejiya nake yinsa a Ƙofar Marusa, da jarida a hannu.

Ranka ya daɗe, ana yawan taron karrama 'yan jarida, a raba allunan yabo, a yi hoto. Galibin masu karɓa su ne masu ɗauko rahoton manya, waɗanda ake sallama da kuɗin mota in an tashi taro. Ban ce ba sa aiki ba. To amma akwai wanda ya wuni cikin ƙurar kasuwar Mai'aduwa yana tambayar dillalan awaki yadda rufe iyakar Nijar a 2023 ya karya musu ciniki. Akwai wadda ta zauna a bakin kaskon mai ƙosai, ta ji yadda ta koma sayen wake gwangwani-gwangwani bayan da tiya-tiya take auna. Waɗannan ba mai kiran sunansu, kuɗin motarsu ma daga aljihunsu yake fita.

Mu Katsinawa muna da hannu a tushen wannan aiki. A Kwalejin Katsina Abubakar Imam ya yi karatu, a Midil ta garin nan ya koyar, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Mutum ɗaya kan saye ta, ya karanta wa zaure guda, kowa ya ji ana maganar irinsa.

Roƙona shi ne jiha ta kafa kyauta ta shekara-shekara don rahoto mafi kyau kan rayuwar talaka a ƙananan hukumominmu 34, na Hausa ya zama a gaba. Alƙalai su fito daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da tsofaffin editoci, kada a saka mai ba gwamna shawara ko ɗaya. In rahoton da ya ci na matar Batsari ce da 'yan bindiga suka koro, tana kwana da 'ya'yanta a kango, a ba marubucin kyautarsa ko da labarin ya sosa wa gwamnati rai. Sannan a buga rahotannin a littafi a kai makarantun sakandare.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon malami, Ƙofar Marusa, Katsina