Ƙotar bindigar farauta: a daina shafe aikin magabata da fenti

Ya Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin maharba da masassaƙa a kan wani aiki da ake ta ɓatawa a nan Legas, wato gyaran ƙotar tsohuwar bindigar farauta mai lasisi. Da yawa daga cikin waɗannan bindigogi gado ne, ƙirar Ingila ko Jamus ko Beljiyam. Idan ƙotar ta tsage ko ta koɗe, sai a kai wa kafintan kujeru ya goge ta da inji, ya fesa mata fenti mai sheƙi, a dawo da ita tana walƙiya kamar ƙofar kanti. Kafin damina biyu fentin ya fara ɓarewa, ruwa ya shige ƙarƙashinsa, itacen ya yi baƙi.

Kafin komai, maganar doka. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba da lasisi ba, ta kuma hana ƙera ta ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a wurin da hukuma ta ba izini. Saboda haka bututu da kunama da duk wani ƙarfe da ke cikinta ba su cikin bayaninmu, kuma ko aikin itacen ma a yi shi a hannun mai izinin gyara. A kan itace kawai za mu tsaya.

Abin da ake kira tsohon salo ya samo asali ne daga maƙeran Landan irin su Rigby da Holland & Holland da Purdey. Rigby ya yi suna da ɗora ƙota irin ta Ingila a kan ƙarfen bindigar Jamus ta Mauser ƙirar 1898. Siffar ba ta da hayaniya: bayan ƙota miƙaƙƙe, wuya siriri, baƙin itace ko ƙaho a goshin ƙota, jan roba a inda take zama a kafaɗa, sannan mai da aka shafa da tafin hannu har ya shige cikin itacen, yana ɗan sheƙi kamar fatar da ta sha jima. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan, irin su madubi da ƙusoshin tagulla da ake jerawa, ado ne na wani salon dabam.

Itacen asali shi ne walnat, wanda ake kawowa daga Turkiyya da Faransa da Amurka, saboda yana da ƙarfi ba tare da nauyi ba, kuma ba ya saurin tsagewa idan bindiga ta yi harbi da baya. Wanda bai same shi ba zai iya neman maɗaci mai tsauri a kasuwar katako ta Mushin. Loko ba mu ba da shawararsa ba: yana dakusar da kurfi, ƙurarsa tana damun ƙirji, ga nauyi. Don goshin ƙota kanya ta wadatar, ko ƙahon bijimi, wanda ba ya wahalar samu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, sai dai a bar shi ya bushe sarai, domin ɗanyen ƙaho yana tsukewa ya bar gurbi.

Ana zaɓen katako da ido a kan wuya, wato inda hannu ke riƙewa bayan kunama, domin nan ne mafi siranta kuma nan ƙota ke karyewa. Dole jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan a miƙe. Idan ta ratsa shi a karkace, komai kyan zanen katakon a bar shi. Zane mai murɗe-murɗe wurinsa can baya ne wajen kafaɗa, inda itace ke da kauri. Ƙota mai guda ɗaya tana son katako mai tsawon santimita 90 da kaurin santimita 6 ko fiye.

Bushewa ita ce babbar matsalar Legas. Ana son damshin cikin katako ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100, amma iskar bakin teku ba ta barin katakon da aka jingine a rumfa ya kai nan. Masu aikin suna lissafin shekara guda ga kowane inci na kauri. A toshe bakin katakon biyu da narkakken kyandir don kada ya tsage, a ajiye shi a ɗaki mai iska, nesa da rana da siminti, a riƙa ɗora shi a sikeli duk mako ana rubuta nauyin. Sai nauyi ya tsaya cik na wata biyu za a sa masa zarto. Wanda ya yi gaggawa zai ga ƙota ta zauna daram a watan Yuli, amma da an tafi da ita Arewa cikin hunturu ta tsuke, ƙusoshi su saki, ƙarfe ya fara rawa a gurbinsa.

Awo kuwa na mai bindiga ne. Daga kunama zuwa ƙarshen roba yawanci inci 14 ne, kusan santimita 35 da rabi, ana ƙarawa ko ragewa gwargwadon tsawon hannu. Saukar inda kumatu ke kwanciya kamar inci ɗaya da rabi ne daga layin bututu, ta can ƙarshe kuma inci biyu da rabi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an tabbatar babu harsashi, mutum ya rufe ido ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ya buɗe. In sai ya lanƙwasa wuya kafin ya ga saiti, ƙotar ba tasa ba ce.

Wajen zaunar da ƙarfe a itace, ana shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin fitila, a danna shi a gurbi, a ɗaga, a kankare inda baƙi ya taɓa kawai da kurfi mai kaifi. Haka za a yi ta yi, sau talatin ko hamsin, har baƙin ya bazu ko'ina daidai. Wuri ɗaya ne ake barin ɗan rata da gangan, kamar rabin milimita, a bayan wutsiyar ƙarfen da ke kwance a kan wuya. In ba a bar shi ba, duk harbi wutsiyar tana dukan itacen kamar ana faskare, kuma wannan ne asalin tsagar da ake gani a wuyan tsofaffin bindigogi.

Idan tsohuwar ƙota ake son ceto, kada a kai ta ga inji. A cire tsohon fenti da maganin cire fenti da ƙyalle. Inda man inji ya jiƙa itace ya yi baƙi, a kwaɓa garin alli da asiton, wato ruwan sinadarin da ke narkar da maiƙo, a shafa, a bar shi ya bushe ya tsotso man, a karkaɗe, a maimaita har allin ya daina canja launi. Loɓawa kuma, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai a danna dutsen guga mai zafi, tururi zai tayar da ita, muddin jijiyar itacen ba ta yanke ba.

Guga ana yin ta da sanfefa a naɗe a jikin ɗan katako, ana bin jijiya: lamba 120, sai 180, 240, 320. Tsakanin kowace biyu a shafa jiƙaƙƙen ƙyalle, a bar gashin itacen ya miƙe, a goge shi. Wanda ya tsallake wannan zai ji ƙotarsa ta yi kaushi ranar da raɓa ta fara taɓa ta. A kiyaye gefen da ke haɗuwa da ƙarfe, kada a cinye shi har ƙarfe ya fi itace tudu, don wannan ba ya gyaruwa.

Sai mai. Dafaffen man linsid ake so, wanda masu fenti ke sayarwa. Shafi biyu na farko a haɗa shi rabi da rabi da tafentin, wato ruwan tsinka fenti, don ya shige ciki. Daga nan a ɗiga mai a goga da sanfefa lamba 400 har ya yi ɗan kunu da garin itacen, a shafa kunun a gicciye ya cike ƙofofin itace, a share saura. Sau uku ko huɗu ya isa. Bayan haka ɗigo uku ko huɗu kacal a tafin hannu, a murza har itace ya yi ɗumi, a share da busasshen ƙyalle. Ana yin shafi ashirin zuwa talatin. A ƙasashen da iska ke bushe kwana ɗaya ake bari tsakani, amma a daminar Legas sai biyu ko uku, shi ya sa Disamba da Janairu suka fi dacewa. In ƙota ta yi danƙo, mai ya yi yawa ko an ɗora sabo a kan wanda bai bushe ba. A wanke da tafentin a koma baya. Ƙyallen da ya sha linsid kuma kada a dunƙule shi a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta shi kaɗai. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Zanen riƙo na wuya da goshi, wato layukan da ake yankawa a gicciye su fitar da ƙananan idanu don kada hannu ya zame, shi ne na ƙarshe, bayan mai ya bushe. Layi 18 zuwa 22 a kowane inci, tsawon kowane ido ya ninka faɗinsa sau uku. Maɗaci ba ya ɗaukar layi matsattse, a tsaya a 18, in ba haka ba idanun su ɓarɓashe. Ana shafa masa mai kaɗan da burushin haƙori.

A ajiya, a jingine bindiga bakinta ƙasa domin man ƙarfe kada ya gangaro ya jiƙa wuya. Kada a bar ta a jakar fata ko ta soso, suna riƙe damshi. Akwati mai kulle, da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse damshi irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi, a riƙa canja su duk wata a lokacin damina.

Wassalam,
Wasu masassaƙa da maharba,
Agege, Legas.