Bindigar da ake cewa tana tashi da kanta: kamfanin SIG Sauer ya gyara ko ya janye ta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah Ya ƙara basira. Ni mai karatunku ne daga Filadelfiya a ƙasar Amurka, na kusa shekara goma sha biyu a nan, aikin sikiriti nake yi kuma irin mai riƙe bindiga ne da lasisi na jiha, to shi ya sa maganar da zan kawo ta dame ni sosai, don ni kaina kullum da ƙarfe a ƙuguna nake fita neman abinci.

Maganar a kan wata ƙaramar bindiga ce, fistol, sunanta P320, ta kamfanin SIG Sauer da ke jihar New Hampshire. A 2014 aka fito da ita, a Janairun 2017 kuma sojan Amurka ya zaɓe ta ta maye gurbin Beretta M9 da suka shekara sama da talatin suna riƙewa, kwangilar ta kai har dala miliyan 580, sojoji suna kiran tasu M17 da M18. Daga nan fa kasuwa ta buɗe, 'yan sanda a garuruwa da yawa suka karɓa, fararen hula ma suka yi ta saye don kowa yana so ya ce irin ta soja yake riƙewa, an sayar da sama da miliyan biyu da rabi. To matsalar ita ce mutane da yawa sun rantse cewa bindigar ta tashi tana cikin kubenta, hannunsu bai je kusa da kunama ba, kawai sai su ji ƙara sai jini a cinya.

Ba yau abin ya fara ba. Tun watan Agusta na 2017 aka nuna a bidiyo cewa in ta faɗi ƙasa ta wani ɓangare, bakinta yana kallon sama, tana iya tashi. Kamfanin ya ce duk mai so ya aiko da tasa a canja masa wasu kayan ciki kyauta, a sa kunama mara nauyi da sauransu, amma sun ƙi kiran abin janyewa daga kasuwa, wai gyara ne na ganin dama. Malam Edita ka duba wannan fa, abin da ke kashe mutum a ce gyaransa na ganin dama ne. Kuma bayan gyaran ma ƙorafi bai tsaya ba, sai ma ya koma na bindigar da ke zaune lafiya lau a ƙugu. Nan garinmu a 2019 bindigar wani ɗan sandan jirgin ƙasa na hukumar sufuri ta SEPTA ta tashi a tasha cikin mutane, Allah Ya kiyaye ba wanda ya samu, hukumar ta kwashe su duka ta koma bindigogin kamfanin Glock. Birnin Milwaukee ma haka, sai da ƙungiyar 'yan sandan ta kai birnin kotu a 2022 kafin aka canja musu. A Afrilun 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka yi bincike suka samu mutum sama da 100 da suka ce tasu ta tashi ba tare da sun ja kunama ba, aƙalla 80 sun ji rauni.

Akwai wani bidiyo da na kalla ya fi sau goma, na ofishin 'yan sanda na garin Montville a jihar Connecticut, watan Yulin 2023. 'Yan sanda ne suna kiciniyar riƙe wani da suka kama, ɗaya ya sunkuya zai ɗaga ƙafafun mutumin, hannayensa duka biyu suna gaba kana ganinsu ƙarara, bindiga tana ƙugu cikin kube, kawai sai ta tashi, kowa ya zabura yana duba jikinsa. Kamfanin ya ce wai bindigar ba ta zauna daidai cikin kuben ba ne, wani abu ya taɓa kunamar. To ko da hakan ne, aikin ɗan sanda ai kokawa ne da gudu da shiga mota da fita, bindigar da ba za ta jure wannan ba me ya kai ta ƙugunsa?

Bari in ɗan yi bayani yadda malaminmu na horo ya nuna mana, ya kwance bindigogi biyu a kan tebur ya ce mu matso. A cikin irin waɗannan akwai wata allura da sifirin ke turawa ta daki gindin harsashi. A Glock allurar rabin ɗani take, sai ka ja kunama sannan take ƙarasa ja baya ta saki, kuma a tsakiyar kunamar akwai wani ɗan harshe da dole yatsa ya danne shi kafin kunamar ta motsa. Ita P320 da zarar ka sa harsashi a baki allurar a ɗane take kusan gaba ɗaya, jira kawai take a sake ta, kunamarta gajeriyar tafiya gare ta, ba ta da wannan ɗan harshen, kuma yawancin waɗanda aka sayar wa 'yan sanda da fararen hula ba su da makullin sefti na babban yatsa, wanda ke hana bindiga tashi sai an buɗe shi, alhali ta sojoji M17 da M18 an sa mata. Akwai wasu makullai a ciki, gaskiya ne, kamfanin yana cewa da su ba yadda za a yi ta tashi sai an ja kunama. Amma lauyoyin masu ƙara cewa suke ko bakin riga ko igiyar jaket ko ƙarfen bel na mota ya shiga kube zai iya gama aikin, wasu kuma suna cewa kayan cikin ne ke zamewa. Ni dai tunda na ga allurar nan a ɗane da idona ban ƙara kallon bindigar kamar da ba.

Kotuna ma sun fara magana. A Yunin 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Jojiya sun ba wani mutum diyyar dala miliyan 2.35, a Nuwamba na shekarar kuma nan Filadelfiya suka yanke dala miliyan 11 ga wani tsohon soja wanda yana saukowa daga bene, bindigar tana cikin kube a aljihun wandonsa, ta tashi ta fasa masa cinya. Kamfanin bai yarda ba ya ci gaba da ƙalubalantar hukuncin, kuma don Allah in faɗi gaskiya akwai ƙararraki da dama da kamfanin ya ci ko aka kora. Ba kowane labari ba ne gaskiya. A Yulin 2025 wani matashin sojan sama ya rasu a sansanin F.E. Warren a jihar Wyoming, nan take aka ce M18 ce ta tashi da kanta, rundunar sojan saman da sansanin yake ƙarƙashinta ta dakatar da amfani da ita, intanet ta ɗauka, daga baya sai aka kama wani abokin aikinsa bisa zargin kisa ba da niyya ba da kuma yi wa masu bincike ƙarya, aka dawo da bindigar aiki a watan Agusta. Na kawo wannan ne don kar a ce na ɓoye. Amma ƙaryar mutum ɗaya ba ta goge raunin mutum tamanin, ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hanyar da kamfanin ya bi. A Maris na 2025 suka fitar da sanarwa mai zafi suna ɗora laifi kan lauyoyi masu neman kuɗi da masu adawa da bindiga, alhali da yawa daga masu ƙarar 'yan sanda ne da tsofaffin sojoji da suka tashi da bindiga a hannu. Sannan a watan Mayu gwamnar New Hampshire, Kelly Ayotte, ta sa hannu a wata doka da ta hana a kai mai ƙera bindiga ƙara a jihar don kawai bai sa irin wannan makullin sefti ba. Wato maimakon a ƙara ɗan ƙarfe a kunama sai aka je majalisa aka rufe ƙofar kotu. Kuma abin da mutanen gida ba za su yarda ba in na faɗa, a Amurka hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi tana iya sa a janye keken yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma doka ta hana ta taɓa bindiga, babu wata hukumar tarayya da za ta tilasta janye bindiga mai matsala, sai in kamfani ya ga dama. Shi ya sa kowa ke yanke wa kansa, hukumar horar da 'yan sanda ta jihar Washington ta hana shiga da ita makarantarta, wasu kuma har gobe suna riƙe da ita.

Ranar Juma'a a masallacinmu muna ɗaukar ɗan sanda ya tsaya a ƙofa, mutumin kirki ne yana wasa da yara, in an sallame sai su yanyame shi, wani ya rungume masa ƙafa wani ya ja masa bel. Wata rana na tsaya ina kallo sai na lura kan ɗana mai shekara biyar daidai yake da bakin kuben nan. Wallahi Malam Edita sai da gabana ya faɗi, na je na tambaye shi cikin ladabi wace iri yake riƙewa, ya ce Glock ce, sannan hankalina ya kwanta. Tun daga ranar na roƙi kwamitin masallaci duk wanda za a ɗauka a fara yi masa wannan tambayar.

Mu a gida Najeriya mun saba jin aksidental discaj, a harbe direba ko fasinja a shingen hanya a ce bindiga ce ta kuɓuce, a yi jana'iza shi ke nan, da wuya ka ji an kai bindigar wajen masana an kwance ta an duba. A nan aƙalla akwai bidiyo da kotu da ƙwararru da ake sa su rantse, wani lokaci a gano laifin mutum ne wani lokaci a ɗora wa ƙirar. Ina roƙon jaridarku ta riƙa bin irin wannan labari har ƙarshe, ku tambaya wace bindiga ce, wa ya duba ta, ina rahoton.

Su kuma 'yan'uwa Hausawa da ke nan Amurka, masu aikin sikiriti irina da masu shago da yaranmu da suka shiga soja ko ɗan sanda, duk mai P320 ya duba lambarta a shafin kamfanin ya ga ko an yi mata gyaran 2017, ya samu kube mai tauri wanda aka yi don ita kuma ya rufe kunama ruf, kar ya jefa ta aljihu ko jaka haka kawai, in kuma wurin aiki sun ba shi zaɓi ya nemi mai makullin sefti ko wata daban. Ni na gaya wa manajanmu a rubuce cewa in har aka ce za a canja mana zuwa ita, a mayar da ni gadin da ba a riƙe bindiga, ko da albashin zai ragu.

Na gode, Allah Ya tsare mu baki ɗaya.

Naku,
Mai karatunku daga Filadelfiya, Amurka