Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Kaduna

Assalamu alaikum.

Tun da aka ba da hutun makaranta yara suka sa ni gaba sai na fita da su, ni kuwa ina ta ja musu rai, don na sha wuya a baya. Da Sallar da ta wuce mun je wani wurin shaƙatawa, ba sai na kama suna ba, muka yi kusan awa guda a rana a bakin ƙofa, mai gadi yana ta latsa waya ko kallo ba mu ishe shi ba. Da ya ga dama ya ɗago kai, sai cewa ya yi a ba shi na goro, ban da kuɗin shiga. Muka shiga muka tarar ban ɗaki a garƙame, ga bola ko'ina. Autata kuka ta yi ta yi har gida.

Shi ya sa makon jiya da muka sauka daga keke a titin Ali Akilu, nan Unguwar Sarki, na riga na daure zuciyata. Kakarsu ma tun a gida ta ce ina amfanin kai yara kallon gumaka.

Muka biya, aka miƙo rasit ban tambaya ba. Sai ga wani dattijo cikin ma'aikatan ya taso ya ce, "Malam, sannunku da zuwa, bar ni da yaran nan." Daga bakinsa na fara jin cewa ginin nan ofishin jam'iyyar NPC ne, jam'iyyar su Sardauna, kafin a mai da shi gidan tarihi a 1975. Ni da aka haifa a Tudun Wada, nake wucewa ta gabansa duk sanda na nufi Kawo! Wallahi kunya ta kama ni.

Da muka iso wajen kawunan yumɓu na Nok, babban yarona ya ce, "Baba, me ya sa aka huda masa ido?" Har na buɗe baki zan kwaɓe shi, dattijon ya durƙusa daidai tsayin yaron. Ya ce ramukan suna taimaka wa zafi ya fita lokacin gashi, kada yumɓun ya tsage. Ya ce Nok ɗin nan ba wata uwa duniya ba ce, ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba cikin jiharmu, masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kuma sun haura shekara 2,000. Tambaya ta fi goma yaron ya jero, bawan Allah bai ƙosa ba.

Sauran kayan, su tufafi da makamai da kayan kiɗa, mun zaga mun gani.

Da za mu tafi na ɗan dunƙula masa wani abu. Ya mayar min da hannu ya ce, "Haba Malam, aikina ne. Saya wa yara ruwa." Na tsaya ina kallonsa. A ƙasar da za ka je karɓar takardarka ta halak a ce maka oga ba ya nan, ka dawo gobe, gobe a ce fayil ya ɓata, sai ka motsa aljihu ya bayyana? Wasu ma'aikatan ko sallama ba sa amsawa sai sun duba takalminka.

Allah ya saka muku da alheri, shi kuma dattijon nan Allah ya raya masa zuri'a. Sai dai kun haɗa ni da uwargida: tun ranar yaron yake kwaɓa laka a bayan gida yana huda mata ido da tsinken tsintsiya, wanki ya ƙaru.

Naku,
Wani uba daga Tudun Wada, Kaduna