Baba Malam mai organ ya huta

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya sanyin Kanada? Na kira ka sau biyu bai shiga ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kawai, don maganar ma ba ta minti biyu a waya ba ce. Baba Malam ya huta. Ran Talata da asuba ya cika, a gida, kan gadonsa, Mama matarsa tana kusa da shi. Jiya Asabar muka kai shi.

Tun da na dawo daga maƙabarta ba abin da ke yi min yawo a kai sai tsohon organ ɗin nan mai feda. Ka tuna shi ai. Ƙafa biyu na taka feda tana hura iska kamar zugazugin maƙeri, hannu biyu na kan maɓallai, ido na kan mu, kuma duk da haka in wani ɗan tena ya kauce can layin baya sai ka ga ya ɗago kai ta saman tabarau ya kafe shi da ido, ba ya ma cewa komai. Lokacin hunturu katakon ya bushe maɓallai su riƙa maƙalewa, sai ya sa kwanon ruwa a cikinsa wai ya sha danshi. Da ɓera ya ci fatar da ke riƙe iskar, da tsohon tib ɗin keke da gam ya liƙe ta, ni na riƙe masa tocila ranar. Akwai maɓalli ɗaya da ya mutu tun muna firamare, shekara da shekaru yana tsallake shi, ba wanda ya taɓa ganewa sai mu da muka sani.

Kullum labarinsa Wusasa ta Zariya. A can ya tashi, a can ya koyi kiɗan a hannun mutanen mishan na CMS, wato 'yan mishan ɗin Anglikan, kuma in ya fara ba ka labarin tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta ginin ƙasa da aka yi a 1929 to ka nemi wurin zama. Daga nan ya gangara kan Dokta Miller, Baturen mishan ɗin nan, daga nan kan Gowon da ya girma a unguwar, sai ya ƙare da cewa yaran yanzu ba mu san komai ba. Littafi Mai Tsarki ɗinsa ma tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, bangon ya yage ya ɗaure da roba, an sha ba shi sabo ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a kan kabad.

A makaranta kuwa ba sai na faɗa maka ba, kai ka fi ni shan bulalarsa. Bayan UPE ta 1976, shirin firamare kyauta ga kowa, da aka cika azuzuwa da yara har wasu na zama a ƙasa, shi kaɗai ne malamin da ajinsa ke tsit. Ni dai har yau ban yarda dukan nan duka ya zama dole ba, akwai ranar da ya zane ni kan lissafin da ashe ni ne da gaskiya. Amma fa washegari ya kira ni gaban aji ya ce shi ya yi kuskure, abin da ban sake ganin wani malami ya yi ba. Kuma yaran maƙwabtanmu Musulmi nawa ya koya wa karatu da yamma a zaurensa ko kwabo bai karɓa ba? Sun zo jana'izar da yawa, wasu da furfurarsu, suka tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya har aka gama sujada suka raka mu.

To ga abin da ya sa na rubuto. A sujadar jana'izar matasa ne suka riƙe kiɗa da kibod ɗinsu da ganguna da manyan lasifika, ba laifi suna ƙoƙari. Ana tsakiyar waƙar fita da gawa sai aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Coci ya yi shiru na ɗan lokaci, kowa na kallon kowa. Sai wata tsohuwa cikin Zumuntar Mata ta ba da do, sautin da ake ɗaukar waƙa da shi, a hankali, kamar yadda yake ba mu, kawai sai ka ji tsofaffin 'yan kwaya daga ko'ina cikin jama'a sun ɗauka, sofrano nan, alto can, bas daga bakin ƙofa, murya huɗu cif ba wanda ya kauce. Mutumina ni da na gudu daga firaktis tun ina aji shida sai ga ni ina jan tena, ban ma san ina tune da shi ba. Baiti na biyu ban iya ƙarasawa ba.

Duk waɗanda suka yi waƙar nan ba mai ƙasa da hamsin a ciki, na duba. Su kuwa matasan da kunne suke kiɗa, sol-fa ɗin da ya yi ta rubuta mana da alli a allo, d r m f s, ba mai iya karantawa a cikinsu. Laifin har da mu, ya so ɗayanmu ya zauna ya gaje shi, kai ka tafi jami'a, ni na ce kasuwa ta fi min.

Mama ta nuna min wata jaka cike da littattafan rubutu guda goma sha ɗaya, duk waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa, kowace murya da layinta, wasu gara ta fara ci. Na karɓo su zan kai a yi sikanin kafin su ƙarasa lalacewa, in tura maka ta WhatsApp. Organ ɗin kuma yana sito bayan ofishin Fasto an ɗora masa kujerun roba. An ce akwai mai gyaran irinsa a Jos, ina neman lambarsa. In ya faɗi kuɗin zan gaya maka mu raba, kar ka ce min dala ta yi wuya.

Ka daure ka kira Mama, ta tambaye ka har sau biyu, da sunan nan da Baba Malam ke tsokanarka da shi. Lambarta na nan yadda ka sani, amma ka kira da safe, da yamma gidan cike yake da masu gaisuwa.

Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokin zamanka na bencin baya