Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Legas Kan Shirin Tafiya Kenya

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in sanar da kai cewa maganar nan da na daɗe ina yi maka kana ɗauka raha ce ta tabbata. Idan Allah ya kai mu watan Agusta, zan tafi ƙasar Kenya kallon namun daji, kuma da yake daga Legas jirgin zai tashi kai tsaye zuwa Nairobi, tafiyar ta shafe ka.

Mutanen majalisarmu ba su bar ni na huta ba tun da suka ji labari, wasu na cewa kuɗin Umara zan kai wa kura da jakin dawa. Amsar da nake ba su ita ce, na riga na sauke farali, kuma abin da zan je gani ya kusa ƙarewa a wajenmu. Zakunan da suka rage a Najeriya kaɗan ne, a Yankari da dajin Tafkin Kainji, raƙumin dawa na Afirka ta Yamma kuwa sai a Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai. 'Ya'yanmu sun san zaki da giwa ne a tatsuniya, sai wanda aka taɓa kai shi gidan zu na Kano ya ga dabba a bayan waya tana hamma. Ina so in ga waɗannan halittu suna kiwo da farauta a inda Allah ya ajiye su tun ina da ƙarfin zama a mota yini guda.

Dajin da na zaɓa shi ne Masai Mara, a kudu maso yammacin Kenya, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,500, kuma yana haɗe da dajin Serengeti na Tanzaniya ba tare da shinge ba. Daga Yuli zuwa Oktoba ne wasu dabbobi masu ƙaho da gemu, waɗanda mutanen can ke kira nyumbu, suke ƙaurowa daga Serengeti su fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi, suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa kamar yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari. A hanya sai sun tsallake kogin Mara, inda kadoji ke jiran su a ruwa, zakuna kuma a gaɓa. Babu mai iya sa wa wannan tsallakawa rana, domin garken kan taru a bakin kogi tun hantsi, su yi ta kai-komo, sannan su juya ba su shiga ba. Saboda haka na ƙi tsarin da kamfanonin yawon buɗe ido suka fi tallatawa, na kwana ɗaya a dajin Nakuru, ɗaya a dajin Amboseli, ɗaya a Mara. A ganina wanda ya bi wannan tsari titi ya je kallo. Na gwammace in tare a wuri guda, in ba jagora lokacin da zai bi sawu da haƙuri.

Wannan zaɓi yana da tsada, domin tun 2024 kuɗin shiga Mara ga baƙo daga Yuli zuwa Disamba dala 200 ne a kowace rana, ban da masauki da mota. Kafin in tura ko sisi sai da na tabbatar kamfanin yana cikin ƙungiyar KATO ta masu shirya irin wannan tafiya a Kenya, na kuma sa suka rubuto mini dalla-dalla abin da kuɗin ya ƙunsa, musamman kuɗin shiga dajin. Kafin alƙalami kawai na biya.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Fasfo dole ya kasance da sauran wata 6 aƙalla, kuma nawa sabo ne. Katin rigakafin shawara shi ne ba a wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya, ana yin allurar kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Likita ya haɗa mini da maganin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jinina.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne sutura. Nairobi tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, Mara ma tudu ce, kuma Yuli da Agusta su ne lokacin sanyinsu, ga shi ana fita tun kafin rana ta ɓullo a mota mai buɗaɗɗen rufi, domin da sassafe da yamma ne dabbobi masu farauta ke motsi. Don haka rigar sanyi da hular sanyi suna cikin jaka, babbar riga da shadda kuwa za su jira ni a gida. Tela ya ɗinka mini kaya masu ruwan ƙasa, saboda baƙi da shuɗi suna jawo tsando, fari kuma ƙura za ta ɓata shi tun ranar farko. Leda ma ba zan ɗauka ba, domin Kenya ta haramta ta tun 2017. Daga Nairobi da mota zan tafi ta garin Narok, tafiyar awa biyar zuwa shida. Akwai ƙananan jirage daga filin jirgi na Wilson, amma kilo 15 kawai suke yarda a ɗauka, kuma zan rasa ganin babban kwarin nan na Rift da hanyar ke gangarawa cikinsa.

Na kuma yi tanadin ibada. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, alƙibla kuwa a can arewa ake fuskanta, ba gabas ba kamar yadda muka saba a Zariya. A cikin daji ba a barin kowa ya sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka zan riƙa fita da alwala, in yi ƙasaru, in haɗa Azahar da La'asar idan an tsaya cin abinci. Na shaida wa masaukin tun yanzu cewa naman da Musulmi ya yanka nake ci, in babu shi kifi da wake sun ishe ni. Na tsara dawowa yadda zan samu Juma'a a Masallacin Jamia da ke tsakiyar Nairobi.

Buƙatuna a wajenka biyu ne. Ina so in kwana a gidanka na Agege daren tafiya, tun da ba shi da nisa da filin jirgin Murtala Muhammed, sannan ka ara mini madubin hangen nesan nan naka, domin an tabbatar mini cewa damisa a kan bishiya ba ta ganuwa sosai da ido kawai, kuma na mota ɗaya ne ake karɓa-karɓa. Da zarar na karɓi tikiti zan aiko maka da rana da lokaci.

Ka gaida mini uwargida da yara, da duk mutanen Zazzau da ke wajenku. Mutanen gida suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.