Dutsen da Baba ya bari ya hana gidana zaman lafiya

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka, da kai da abokan aikinka, Allah ya saka da alheri. Ni tela ne a Tsohuwar Kasuwa, ina zaune a Mabera da iyalina da mahaifiyata. Na daɗe ina sauraron shirinka a bakin keke, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo tawa ba, balle a ce a kan dutse.

Marigayi Baba ne ya tsinto shi a gindin wani tsauni wajen Dukamaje, zamanin yana fataucin albasa. Faɗinsa ya ɗan fi tafin hannuna, a naɗe yake kamar gammo, jikinsa duk wasu layuka masu lanƙwasa sai ka ce zanen lalle. Da shi Baba yake danne takardun bashi a kan taga. Bayan rasuwarsa aka jefa shi a akwati, har ɗiyata ta fari, wadda ke aji shida na sakandare, ta tono shi ta kai wa malaminsu.

Ranar ta dawo bakinta bai rufuwa. Bayan isha'i ta jiƙa dutsen da ruwa, ta haska shi da fitilar waya, ta ce in duba. Wai ƙwanson wata dabbar teku ne da ake kira amonayit, dangin oktofus ɗin nan mai hannu takwas, kuma kowane layi da nake gani gurbin bango ne. Ƙwanson ɗaki-ɗaki yake. Dabbar tana zaune a ɗakin bakin ƙofa, in ta girma sai ta matsa gaba ta ja bango a bayanta. Ɗakunan da ta baro kuwa, wani siririn bututu ya ratsa su duka, da shi take zuƙe ruwan ciki iska ta maye gurbinsa, shi ya sa take yawo a tsakiyar ruwa ba ta nutse ba. Na ce ashe kamar mu, in iyali sun ƙaru a ƙara ɗaki, sai dai ita ba ta komawa tsohon.

Na tambaye ta me ya kawo dabbar teku Sakkwato, garin da a watan Afrilu randa ma sai an lallaɓa ta. Ta ce ai nan ɗin teku ne a da, ya malalo daga arewa ta inda hamadar Sahara take yanzu, shi ya sa irin wannan ƙwanson, wanda malaminsu yake kyautata zaton Libycoceras ne, ana samunsa har Masar. Ta ce akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada da aka tono ƙasusuwanta a yankin nan, masana suka raɗa mata Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ni da na san Goronyo da dam da noman rani! Su amonayit sun bayyana kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 baya, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Meziko. Har ta ce dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi cike yake da ƙwansunan halittun teku, amma ba za ka samu amonayit a ciki ba, don bayan ƙarewarsu ya kwanta.

Lissafin miliyoyin nan ya ɗan tsaya mini a rai, na kai wa limamin unguwarmu. Ya ce adadi dai Allah ne masani, amma a Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta. Hankalina ya kwanta.

Inda ta ɓaci shi ne sunan. Yarinya da zumuɗi, a gaban Inna ta ce an samo shi daga Amon, wani gunkin Misirawan da, wanda suke zanawa da ƙahon rago, saboda naɗin ƙwanson ya yi kama da ƙahon. Inna ta aje carbi ta ce, "Ashe gunki na kuka aje min cikin gida? Ku hidda wanga abu!" Aka yi rashin sa'a a makon autanmu ya kwanta da zazzaɓi. Asibiti sun ce cizon sauro ne, ya sha magani ya warke, amma Inna ta riga ta yanke hukunci. Ta rantse ba ta ƙara cin tuwon gidan sai dutsen ya fita.

Malam, a nan na yi abin da ke damuna. Na ɗauke shi da asuba, na dawo na ce mata na jefa shi a Gulbin Rima. Ban jefa ba. Yana cikin aljihun kekena, a naɗe da ƙyallen shadda, tare da allurai da alli. A bakin gada na tsaya da shi a hannu, sai na tuna yatsun Baba a kansa, na kasa. Shekarata arba'in da bakwai ban taɓa yi wa Inna ƙarya irin wannan ba, ga shi kullum sai ta sa mini albarka a kan na yi mata biyayya. Ɗiyar kuma ita ma ta ɗauka na jefar, kwana uku ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, ban kuma gaya mata gaskiya ba don kada ta suɓuce mata.

Yanzu ga cike fom ɗin JAMB ya matso. Ita jiyoloji take so, ilimin duwatsu da ma'adinai. Uwarta da Inna sun ce aikin jinya, don aikin yana nan kusa kuma ya fi dacewa da ɗiya mace, ba yawon tsauni da guduma cikin maza ba. Ban raina maganarsu ba, ni ma ina tunanin aurenta da abin da za ta ci. Amma ban taɓa ganin idonta ya yi haske a kan wani karatu kamar daren nan ba.

Don Allah ka ba ni shawara. In je in durƙusa in gaya wa Inna gaskiya, ko in kai dutsen jami'a in ba masu ilimin su aje, in yi shiru? In na faɗa mata, ta wace hanya zan fahimtar da ita cewa halittar Allah ce, Turawa ne kawai suka laƙa mata sunan gunki, ba tare da ta ga kamar na fifita maganar jikarta a kan tata ba? Fom ɗin kuma, in sa baki ko in bar wa mata? In da hali a karanta amsar a shirin dare, lokacin Inna ta yi barci.

Naka mai sauraro,
Wani tela daga Mabera, Sakkwato